Ga WAEC a gaba, ga waya a hannu: ta ina malami zai koya wa yara tantance zance?

Tambaya: Ina koyar da Turanci da Sibik a wata sakandare mai zaman kanta a nan Jos. Yarana na SS2 da SS3, duk abin da suka gani a WhatsApp ko TikTok sai su hau kai su zauna. Ina so in koya musu auna magana kafin su yarda, amma mai makaranta ya ce iyaye kiredit biyar suka biya kuɗi su gani, kada in ɓata lokaci. Manhaja ba ta ƙarewa, ga tsofaffin tambayoyi jibge. Ta ina zan fara, kuma ba zan cuci yaran a jarrabawa ba kuwa?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Na shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da alli a garin nan, na kuma daɗe ina zuwa makin takardun Turanci na WAEC, don haka ciwon da kike faɗa na san inda yake.

Ki fara da yi wa mai makarantarku adalci. Uwar da ke sayar da kayan miya a Farin Gada, ta tara kuɗin rajistar WAEC da NECO da JAMB da kyar da jiɓin goshi, tana da gaskiya idan ta ce sakamako take son gani. Ba kiredit a Turanci, ba jami'a, ba kwalejin koyon jinya, kuma shekara guda ta tafi. Shi ma mai makaranta da allon sakamakon bara yake samun ɗaliban baɗi. Duk wanda ya ce miki ki yi watsi da jarrabawa ki koyar da "tunani" kawai, bai taɓa tsayawa gaban uban da ɗansa ya faɗi sau biyu ba. Saboda haka ba zan ba ki shawarar ki ƙirƙiro sabon darasi ki nema masa gurbi a jadawali ba. Ba za a ba ki ba, ko an ba ki ma shi za a fara yankewa da zarar jarrabawar gwaji ta matso. Shawarata ita ce ki cusa abin a cikin darasin da kike yi yanzu, domin yana nan kwance a cikin manhajar, mu ne muke tsallake shi.

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne a watan Agustan 2014, muna lasin dogon hutu. Kin tuna lokacin Ebola, bayan Patrick Sawyer ya shigo da ita Legas. Da asubahin wata Juma'a wayoyi suka yi ta ƙara a gidaje: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, kafin gari ya waye. Da safe na shiga aji na tambaya wa ya yi. Hannu ya tashi kusan ko'ina. Cikin waɗanda suka ɗaga har da wata yarinya da duk makarantar ta san ba ta da na biyu a Bayoloji. Leɓenta a bushe, tana ta kai gorar ruwa baki, ta ce kofi biyu ta sha. Na ce ta gaya mini abin da gishiri ke yi wa ƙwayoyin jiki. Ta miƙe ta zubo mini ma'anar osimosis tiryan-tiryan, babu tuntuɓe ko ɗaya, yadda ruwa ke barin wuri mai ƙarancin gishiri ya tsallaka zuwa mai yawa. Sai da ta kai ƙarshe ta yi shiru, ta dubi gorar da ke hannunta, ta zauna a hankali. Jaridu sun ruwaito a ranar cewa mutum 2 sun rasu a nan Filato, wasu kusan 20 suna asibiti saboda shan gishirin, alhali cutar ba ta taɓa tako ƙafa jihar nan ba. A ƙasar gaba ɗaya mutum 20 ta kama, 8 suka rasu.

Yarinyar nan tana da ilimin, amma a ɗakin jarrabawa muka kulle mata shi. Ba wanda ya taɓa nuna mata cewa abin da ta haddace don takarda yana aiki a kan saƙon da ya shigo wayar mahaifiyarta. Daga ranar na daina ganin laifin hadda. Wanda bai san komai a kan gishiri da jini ba, ko ka kwana kana ce masa "yi tunani", ba shi da abin da zai yi tunanin da shi. Masu nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke koyo, irin su Daniel Willingham na Jami'ar Bajiniya, sun daɗe suna faɗin haka: auna magana ba ya tsayuwa sai a kan sanin fannin da ake magana a kai. Aikinki kenan ki gina gada tsakanin abin da suka haddace da abin da ke yawo a unguwa.

Ki dubi takardar Turanci ta biyu a WAEC. Insha'i maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. A teburin maki, sashen taƙaitawa ne ke sa mutum ya dafe kai. Yaro zai ga tambaya, ya nemi layin da ya yi kama da ita, ya kwafe shi ɗungurungum har da misalai da ƙawace-ƙawacen marubuci. Kwafe irin wannan ba ya samun maki, kuma rahoton manyan masu maki shekara da shekaru yana kuka a kansa. Me ake nema a wurin? A raba ainihin abin da marubuci ke iƙirari da misalin da ya kawo, a raba hujja da ado, a faɗa da kalmomin kai. To ai wannan shi ne tankaɗe da rairayar da kike son su riƙa yi wa saƙon WhatsApp. Yaron da ya iya cire tsakuwa daga dogon saƙon murya ya ce "abin da mutumin nan yake cewa a jimla ɗaya shi ne kaza, kuma bai kawo shaida ba", ya riga ya iya taƙaitawa. Haka insha'in muhawara da wasiƙa zuwa ga editan jarida: maki na abin da ke ciki da na tsari yana hannun wanda ya san bambancin ra'ayi da dalili. Idan kika gaya wa mai makaranta cewa atisayen taƙaitawa da insha'i kike yi da labaran da yara suka sani, gaskiya kika faɗa masa, kuma zai ga amfanin a jarrabawar gwaji.

JAMB ta fi tsauri, ba zan ɓoye miki ba. Tambaya 180 cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace, a gaban kwamfuta tun 2015 da aka koma tsarin gaba ɗaya. Sauri take so. Amma ko a nan akwai ƙofa. Idan kuna bitar tsofaffin tambayoyi, a kowace rana ki zaɓi guda ɗaya tak, bayan an ce amsar C ce, ki tambaya me ya hana A, me ya hana B, wace kalma aka sa a D don ta yaudari mai gaggawa. Minti uku ya isa. Masu tsara tambaya da gangan suke dasa amsar da ta yi kama da gaskiya, kuma mai ƙirƙirar labarin bogi dabarar tasa kenan. Sannan waɗannan littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a kasuwar Taminus ba sa rasa amsar da aka buga ba daidai ba. Kada ki gyara a ɓoye. Ki ce akwai kuskure ɗaya a shafin nan, wa zai kamo shi ya kuma nuna dalili? Ranar da yaro ya fara kama littafi da kuskure, ya tabbatar da hujja, wani abu yana canjawa a fuskarsa. Ya gane cewa bugawa a takarda ba ta mai da magana gaskiya.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne minti goma na safiyar Litinin. Tunda ba a barin yara su shigo da waya, ni nake kwafo saƙo ɗaya da ya yi yawo a ƙarshen mako in rubuta shi a allo yadda yake, da kurakuransa da alamomin motsin rai da "tura wa mutum goma". Aji na mutum saba'in, na raba su benci-benci. Tambayoyina ba sa canjawa har suka zama waƙa a bakinsu: wa ya faɗa, ya aka yi ya sani, kuma me yake so in yi in na karanta? Ta ukun ce mutane ke mantawa, ita ce kuwa ke tona asiri. Saƙon da ke son ka danna mahaɗi ka sa lambar BVN don karɓar tallafin gwamnati, da wanda ke son ka fusata ka tura kafin ka numfasa, duk gaggawa suke nema daga gare ka. Nakan ce musu, in ka ji zuciyarka ta yi zafi ko ta yi sanyin daɗi fiye da kima a kan saƙo, a nan ne za ka ajiye wayar ka sha ruwa tukuna.

Ki lura da wane irin saƙo za ki fara. Jos ce, ajinki akwai Musulmi akwai Kirista, akwai wanda aka ƙona gidansu a 2001 ko 2008 ko 2010. Kada ki fara da wuta. Ki fara da abin da ba ya taɓa zuciyar kowa: jita-jitar sayen ɗan wasa a ƙwallon Turai, tallar magani guda mai warkar da ciwon suga da basir da hawan jini a lokaci ɗaya, masu cewa za su ƙara wa ɗalibi makin JAMB in ya tura kuɗi, zaurukan Telegram masu sayar da amsar jarrabawa tun kafin a shiga. Wannan na ƙarshe yana kama su sosai, don kusan kowa ya san wani da ya biya aka turo masa tambayoyin shekarun baya. Sai hannunsu ya faɗa a kan waɗannan, sun kuma yarda da ke da juna, sannan ki matsa kusa da abin da ke ciwo.

Ki jawo malamin Lissafi cikin tafiyar, domin yana da makami mafi kaifi. MMM ta yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 duk wata kafin ta daskarar da asusun jama'a a Disambar 2016. Riba a kan riba tana cikin manhajarsa. Ya ba su naira 10,000 su lissafa: bayan shekara guda ta zama kusan 233,000, bayan biyu ta haura miliyan 5, bayan biyar ta wuce biliyan 68. Daga jarin da bai kai kuɗin buhun dankali ba. Sai ya tambaye su wace sana'a ce a duniya ke haifar da wannan, kuma in akwai ta, me mai ita yake nema da kuɗinka? Yaran sun yi atisayen da zai fito a jarrabawa, sun kuma samu rigakafi. Da an yi wa iyayensu wannan lissafi, da wasu ba su sake faɗawa ramin CBEX da ta rufe da kuɗin mutane a Afrilun 2025 ba. Malamin darasin Gwamnati shi ma yana da ra'ayin jama'a da kafofin yaɗa labarai a cikin manhajarsa, malamin Bayoloji yana da gwaji da abin kwatance. Ƙasar Finlan da ake yawan yabo a wannan fanni haka ta yi, ta watsa abin cikin darussa daban-daban maimakon ta killace shi a guda.

Yanzu ga abin da na san zai taso, don ya taso mini. Wani uba zai zo ya ce kina koya wa ɗansa tsaurin ido, ko ya ji tsoron tambaye-tambayen nan su kai ga taɓa addini. Ki tarbe shi da fara'a, ki ce masa abin nan gadonmu ne. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku nemi bayani, don kada ku cutar da wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. A gabatarwar Sahihu Muslim akwai hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. A can ne kuma aka kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malaman hadisi sun gina fanni sukutum a kan tambayar wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, sun haɗu kuwa, yana da riƙo ko mai mantuwa ne. Duk yaron da ya yi Islamiyya ya san kalmar sahihi da da'ifi da maudu'i. Nakan zana musu sarƙar saƙon a allo: ni daga yayana, shi daga zauren 'yan unguwa, su daga "wani soja da ba a faɗi sunansa ba". Sai in ce, da hadisi ne, wane hukunci za ku ba shi? Ajin kan amsa da baki ɗaya. 'Yan'uwanmu Kirista kuma suna da nasu: a wasiƙar farko zuwa ga Tasalonikawa, sura 5 aya 21, an ce a gwada kome a riƙe mai kyau, kuma Littafin Ayyukan Manzanni ya yabi mutanen Biriya don suna bincika Nassi kullum su ga ko abin da aka gaya musu haka yake. Idan kowane yaro ya ji cewa littafinsa ne ya umarce shi da bincike, babu sauran mai cewa baƙon abu aka kawo.

Sai dai ki haɗa musu da ladabi, wannan kam wajibi ne. Yaron da ya koma gida ya ce wa mahaifinsa "ƙarya ce ka turo" ya ɓata miki aiki, ya kuma ɓata tarbiyya. Mukan yi atisayen yadda ake faɗa: "Baba, na ga saƙon nan, bari in duba mana ko hukumar lafiya ta fitar da sanarwa." "Mama, kafin mu tura wa su Inna, a kira Kawu da ke Bukur ɗin a ji." Dattijo ba ya ƙin gaskiya in an kawo masa ita a faifai.

Batun hoto da bidiyo shi ne inda na fi jin nauyi, domin garin nan ya biya da jini. A ranakun 23 da 24 ga Yunin 2018, lokacin kashe-kashen yankin Gashish a Barikin Ladi, hotuna masu tayar da hankali sun cika Facebook. Binciken da BBC ta yi daga baya ya gano cewa hoton wani jariri da aka yi ta yaɗawa ya riga ya fito watanni kafin rikicin, wani bidiyon kuma a Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. An kashe mutane da gaske a Gashish, wannan ba ƙarya ba ne, amma an ƙara wa wutar fetur da hotunan da ba na can ba, kuma a ranar 24 aka tare hanya aka fitar da mutum 11 daga motoci aka kashe su. Matafiya ne da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A cikin wannan tashin hankalin ne Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa. Idan ajinki ya ƙware, ki ba su labaran biyu tare.

Mun taso ana ce mana gani ya kori ji. Yau dole mu gaya wa yara cewa ganin waya ma ji ne, har sai an san wa ya ɗauka, a ina, yaushe. Da yawa daga hotunan yaudara ba ma haɗa su ake yi ba, na gaske ne aka canja musu gari da shekara. Da wayarki guda za ki iya nuna musu yadda ake sa hoto a Google Lens a ga inda ya fara fitowa. Ki koya musu kallon lambar mota, rubutun allon shago, kakin 'yan sanda, ko damina ce ko rani. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, ana sa wa malami ko gwamna muryar da bai yi ba, yana tallar magani ko harkar zuba jari. Kada ki dogara da koya musu ƙirga yatsu da kallon leɓe, don na'urar kullum ƙara ƙwarewa take. Abin da ba ya tsufa shi ne a fita daga saƙon a tambayi waje. Masu bincike a Jami'ar Stanford, Sam Wineburg da abokan aikinsa, sun gwada ɗalibai da malaman tarihi da ƙwararrun masu tantance labari. Ɗalibai da malaman sun tsaya suna ƙare wa shafin kallo, kyansa da tambarinsa suna ruɗinsu. Ƙwararrun kuwa cikin daƙiƙoƙi suke barin shafin su buɗe wasu, su ga me ake cewa game da mai shi. Mu ma haka muke yi in baƙo ya zo neman aure: ba a tsaya ga rigarsa da zaƙin bakinsa, unguwarsu ake aikawa a yi tambaya. Ki nuna musu wuraren tambayar: Dubawa, wadda sunanta ma Hausa ne, da Africa Check, da FactCheckHub, da shafukan hukumomin da abin ya shafa.

Akwai rami a ɗaya gefen, kuma na ga malamai masu kyakkyawar niyya sun tura yara ciki. Idan kullum darasin shi ne "wannan ƙarya ne, wancan ma ƙarya ne", za ki yaye yaran da ba su yarda da komai ba, likita da boka duk ɗaya a wurinsu. Wannan ma makanta ce, kuma mai ita ya fi saurin faɗawa hannun duk wanda ya ce masa "ni kaɗai ke gaya maka abin da suke ɓoyewa". Don haka cikin saƙonnin Litinin ki riƙa sa na gaskiya, har da gaskiyar da ta yi kama da ƙarya. Kuma kada ki koya musu cewa duk abin da hukuma ta faɗa shi ne daidai. Mutanenmu ba banza suke shakka ba. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya faru da gaske, yana kuma cikin abin da ya ba jita-jitar allurar shan inna ƙarfi a 2003 har aka dakatar da rigakafin a wasu jihohi. Shakkar tana da tushe, amma hukuncin da aka gina a kanta ya bar yara da yawa a gurgunce, sai a 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta kau daga Afirka. Ɗalibin SS2 zai iya riƙe waɗannan gaskiya biyu a lokaci guda in an ba shi dama.

Misalin da ya fi kusa da su ma yana cikin jarrabawar kanta. A 2025 da sakamakon JAMB ya fito, sama da miliyan 1.5 cikin fiye da miliyan 1.9 ba su kai maki 200 ba. Nan take kowa ya zama mai fashin baƙi: yaran yanzu ba sa karatu, waya ta cinye su. Ɗalibai suna ta cewa makin nan ba namu ba ne, ana ce musu borin kunya suke. Kwanaki kaɗan shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida cikin hawaye ya amsa cewa an samu matsalar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da Kudu maso Gabas, aka ce ɗalibai kusan 380,000 su sake zama. A watan Agustan shekarar WAEC ma ta sake fitar da sakamako bayan ta gano kuskure a makinta, adadin masu kiredit biyar da Turanci da Lissafi ya tashi daga kusan kashi 38 zuwa kusan 63. Ki kawo musu wannan ki tambaya: wa ya yi gaggawar yanke hukunci, da wace hujja, kuma me ya sa gaskiya ta fito? Za su ga cewa ƙorafi mai hujja, da aka tattara aka kai inda ya dace, ya sa manyan hukumomi sun gyara.

Duk wannan ba zai kama ba idan ke kanki ba a isa a tambaye ki ba. Na taɓa aiki a wata makaranta inda aka zane yaro a gaban asembili don ya ce wa malami amsar da ke allo ba daidai ba ce, kuma yaron ne ke da gaskiya. Bayan wannan rana ajin ya mutu murus, ko tambayar ma'anar kalma ba mai yi. Yara suna kallon abin da muke yi fiye da abin da muke faɗa. Ki ba su izini a fili su ce "Malama, daga ina aka samo wannan?" cikin ladabi. In ba ki sani ba ki ce za ki duba, gobe kuma ki dawo da amsar da gaske. In kin yi kuskure ki gyara a gabansu ki gode wa wanda ya nuna. Sannan ki kula da abin da ke kanki kike turawa zauren malamai da na iyaye, don labari yana komawa gida.

Game da lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarfin aikin ki zuba shi a SS1 da SS2, in da hali ma tun ƙaramar sakandare. 'Yan SS3 a zangon farko su ci gaba da minti goman Litinin. Daga Janairu, da rajistar JAMB da jarrabawar gwaji suka kankama, ki bar musu tambaya ɗayan nan ta kullum da atisayen taƙaitawa kawai, kada ki ɗora wa kanki laifi. Ki kuma ajiye shaida: makin taƙaitawa da insha'i na farkon zango da na ƙarshensa, aji-aji, a littafi guda. Ranar da mai makaranta ya sake kiranki ofis, littafin za ki buɗe masa.

Abu ɗaya da zan roƙe ki ki yi tun wannan makon, saboda garin da muke ciki: ku yi yarjejeniya da ajin a kan ranar da aka ce "gari ba lafiya". Kin san yadda take, ana tsakiyar darasi sai ka ji masu shago suna jan ƙofa, Keke Napep suna juyawa, iyaye sun cika bakin get, kowa da labarin da ya ji. Ku rubuta a takarda ku manna a bango: ba mai tura hoto ko murya a ranar, ba mai cewa "an kashe mutum kaza" sai ya faɗi wanda ya gani da idonsa, wanda ke da ɗan'uwa a unguwar da ake magana a kira shi a tambaye shi abin da ke ƙofar gidansa kawai, ban da abin da shi ma ya ji. Kowa ya sa hannu, ke ma ki sa naki a ƙasa. Ki ba kowane yaro kwafi ya kai gida ya karanta wa mutanen gidan bayan sallar isha'i ko bayan addu'ar dare, ranar Litinin kuma ki fara minti gomanki da jin abin da iyayen suka ce.